Tsohuwar da Ke Juya wa Mai Keke Baya

Wata rana ina tsakiyar yi wa wata baiwar Allah kitso, na ga abin da ya sa na saki gashin na bi shi da kallo.

Bari in fara gaya muku inda nake.

Akwai wani gida a bayan garinmu, wata ƙungiya ce ta gina shi domin tsofaffi da masu lalurar jiki. Ba asibiti ba ne. Kowa da ɗakinsa, da banɗakinsa, da makullinsa a hannu.

Babu matakala ko ɗaya a gidan. Ko'ina siminti ne a shafe, mai keken guragu ya wuce, mai sanda ya wuce. Jikin bango an kafa ƙarfen dafawa. Kusa da kowane gado akwai ƙararrawa, in jiki ya ƙi sai mutum ya danna, ma'aikaciya ta zo.

Ni kitso ne sana'ata. Duk Laraba nakan je in yi wa matan gidan kyauta.

Kada ku ce na cika kirki. Rabin abin da ke kai ni hira ce. Tsohuwa in ta ɗora kanta a cinyarki, har labarin ranar aurenta sai kin ji.

To, ranar ina zaune a gindin darbejiya ina kitso, sai ga wata tsohuwa ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda. Iya Tabawa sunanta. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta daɗe da zuwa gidan ba.

Famfo ta nufa da butarta.

Daga can ɗaya ɓangaren kuma ga wani dattijo yana turo kekensa. Malam Sallau. Wani ciwo ne ya shanye masa ƙafafu, amma hannuwansa garau. Mutum ne mai fara'a, kowa a gidan abokin wasansa ne.

Iya Tabawa na hango shi ta tsaya cak.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta juya. Ta bi ta bayan ɗakuna, inda ake shanya, wurin da babu siminti sai tsakuwa. Tsohuwar da da ƙyar take ɗaga ƙafa!

Shi kuma fara'ar nan ta ɗauke ɗif. Ya sunkuyar da kai, ya ja kekensa da baya da baya har ya shige lungu.

Na ce wa wadda nake yi wa kitso, "Goggo, me na gani haka?"

Ta ce, "Ke dai yi kitsonki. Tun ranar da ta zo haka suke."

Jama'a, kun san ni da son sanin ƙwaƙwaf. A ce mini in yi kitsona? Ai an gama kunna ni.

Na shiga tambaya a hankali.

Wata ta ce rigimar gona ce, tun a ƙauye. Na ce wane ƙauye? Ta ce oho.

Wata ta ce tsohon saurayinta ne da ya yaudare ta. Na ce haba Goggo, ta kusa haifarsa fa! Ta ce ni yarinya ce, ban san duniya ba.

Wata kuma ta waiga hagu da dama, ta matso kusa da kunnena, ta ce, "Ba ki ga yadda yake ramewa tun da ta zo ba?"

Na ce a'uzubillahi, mu bar wannan zancen.

Amma maganar ramar gaskiya ce.

Gidan yana da doka guda: kowa a rumfa yake cin abinci, tare da jama'a. Ba a kai wa mai lafiya kwano ɗaki. Kuma dokar tana da dalili mai kyau. A rumfa ne ake gane wanda bai fito ba, da wanda ya rage ci, da wanda kaɗaici ya fara cinyewa.

Sai dai Iya Tabawa in ta leƙo ta ga Malam Sallau a rumfa, komawa take yi. In an matsa mata ta zauna can ƙarshe, ta ba shi baya, ta yi ta juya cokali a cikin kwano har a tashi.

Shi ma yana ganin ta shigo zai ajiye cokali, ya rufe kwanonsa, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi.

Mutum biyu, abinci a gabansu, suna ta ramewa.

Mai kula da gidan, Anti Sakina, mace ce mai ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta kira Iya Tabawa ta tambaye ta ko ta san mutumin. Iya ta sunkuyar da kai, ta yi ta wasa da bakin zaninta. Ko uffan.

Ta kira Malam Sallau. Abin da ya ce kawai shi ne, "Babba ce. Ba ta yi mini komai ba."

Ana nan, sai abin ya kai ga jini.

Wata safiya suka yi kiciɓis a kwanar banɗakin baƙi, inda babu wurin kaucewa. Kafin ma'aikaciya ta ƙaraso, sai ganin Malam Sallau aka yi a ƙasa, keke a gefe, goshinsa a fashe. Iya Tabawa kuma ta manna fuskarta a bango.

Wasu suka ce ture shi ta yi. Wasu suka ce tsoronta ne ya kayar da shi.

Anti Sakina ta ce ba za ta zuba ido a yi kisa a gidanta ba. Dole a raba su, ɗaya ya bar gidan.

Kafin ta rufe baki Malam Sallau ya ce, "Ni zan tafi."

Ku tsaya ku ji inda zai tafi.

Gidan ƙanensa ne a ƙauye, inda aka ɗauko shi tun farko. Ɗaki mai dogon dokin ƙofa, tsakar gida duk rairayi, keke ba ya motsi. Da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa a can sai an ɗauke shi cak kafin ya ga rana. In mazan gidan sun tafi gona, haka zai wuni yana kallon rufin ɗaki.

A nan kuwa shi ke kai kansa masallaci. Shi ke zuwa famfo. Har 'yan tumatir ya shuka a tsofaffin bokitai a ƙofar ɗakinsa.

Wannan duka zai bari.

Da na zo Larabar da ta biyo, na tarar an ɗaure masa kaya. Jakarsa na bakin rumfa, shi yana gefe da filasta a goshi. Aka ce ƙanen na hanya da mota, bayan la'asar zai iso.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ji haushin tsohuwar nan har wuya.

Iya Tabawa ba ta taɓa yarda na taɓa mata kai ba. Ranar sai na ɗauki matajina da man kitso, na je na yi sallama a ƙofarta.

Na ce, "Iya, yau dai sai na yi miki ko shuku ne. Kanki ya isa."

Ta dube ni, ta dubi matajin. Ban san me ta tuna ba, sai ta zame ɗankwali ta zauna a tabarma.

Na fara tsefewa. Gashi fari fat, laushi kamar auduga.

Na yi ta kewaye-kewaye, zafin gari, tsadar gero, ciwon gwiwa. Tana amsawa da "uhm" da "haka ne". Da na ga ba ta da niyyar kama hanya, na saki maganar.

Na ce, "To Iya, kin kusa hutawa. Yau mai keken nan zai bar gidan."

Na ji wuyanta ya sandare a hannuna.

Ta ce, "Wane mai keke?"

Na ce, "Malam Sallau mana. Ga kayansa can a ɗaure. Ƙauye za a mayar da shi."

Ashe babu wanda ya gaya mata. Kowa na ganin ai murna za ta yi, me za a gaya mata?

Sai na ji ɗumi a gwiwata. Na duba.

Hawaye ne.

Na ajiye mataji.

"Iya, don girman Allah, wai me mutumin nan ya yi miki?"

"Alheri."

Kai!

Kanta na ƙasa, ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata. Ina jin shi ya sa maganar ta iya fitowa.

Ta ce, "Mijin yarinyar ne."

Na ce, "Wace yarinya, Iya?"

Ta ce, "Ta farin."

Sai a lokacin kaina ya waye. Surukinta ne! Mijin 'yarta ta fari!

Ku 'yan zamani da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon fim, bari in tuna muku. Mutanen da, musamman na karkara, ba sa kama sunan ɗan fari. Ba sa nuna shi a gaban mutane su ce nawa ne. Balle mijin 'yar fari. Ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, shi ma ba ya ci a gabanki. In kun haɗu a hanya, ke ki kauce, shi ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa.

Na ce, "Iya, faɗuwar da ya yi fa?"

Ta ce, "Durƙusawa zai yi ya gaishe ni. Ya manta ba shi da ƙafa."



Daga nan ta ci gaba, a hankali, kamar mai magana da tabarma.

Ta ce yarinyar ta yi doguwar jinya kafin ta rasu. Ciwon da mutum ba ya iya juya kansa a shimfiɗa. Allah bai ba su haihuwa ba, babu ɗa babu jika da zai taimaka. Ita kuma Iya tana wani gari, ga tsufa.

Shi ya yi jinyar.

Shi ke dafa mata. Shi ke yi mata wanka. Shi ke wanke zannuwan da ta ɓata, ya shanya a bayan ɗaki don kada maƙwabta su gani su yi da ita. Maza na yi masa dariya a majalisa, bai fasa ba. Har ranar da ta cika, kanta a kan hannunsa yake.

Bayan rasuwar ne ciwon ƙafa ya kama shi.

Iya ta ce tana zaune gidan ɗan autanta, ba abin da ta rasa, ta ji labarin an kawo shi nan. Ta tasa ɗan nata a gaba sai ya nema mata ɗaki a gidan. Ya yi fushi, ya ce za ta ja masa zagi a gari, a ce ya kasa riƙe uwarsa. Ta ce a zage shi ɗin.

Na ce, "To Iya, kin zo, kuma ba kya ko kallonsa. Amfanin me?"

Ta ce, "Ina jin ƙarar kekensa in zai tafi masallaci. In na ji, na san ya tashi lafiya. Ya ishe ni."

Na ce, "Me ya hana ki gaya wa Anti Sakina da ta tambaye ki?"

Ta ce, "'Yar nan, da wane bakin? Tana raye ban taɓa cewa tawa ce a gaban mutane ba. Sai yanzu da ta tafi?"

Na ce, "Iya, in ba ki faɗa ba, ni zan faɗa."

Ta girgiza kai. Ta ce an riga an ce ita ta ture shi. In daga bakina aka ji, za a ce mai kitso ce ta shirya zance don ta rufa mata asiri. Kuma shi ba zai zauna ba muddin yana ganin zamansa ne ke hana ta ci.

Sai muka ji an kira sallar la'asar.

Ta ɗago kai. Kitso rabi a yi, rabi a tsefe. Ta jawo ɗankwali ta ɗaura a hakan.

Ta ce, "Miƙo mini sandata."

Bayan an idar da salla muka fito. Ina riƙe da hannunta. Wannan karon ba ta bi ta bayan ɗakuna ba. Tsakiyar gida ta ratsa.

Rumfa cike take, an taru ana yi wa Malam Sallau sallama. Anti Sakina na tsaye kusa da jakarsa. Ana ganinmu hira ta mutu.

Malam Sallau ya sunkuyar da kai, ya kama ƙafafun kekensa zai ja da baya.

Iya ta tsaya a bakin rumfa. Ta juya masa baya, ta fuskanci ginshiƙi. Da ni ta yi magana, amma da ƙarfin da kowa zai ji.

Ta ce, "'Yar nan, a gaya wa mutumin nan ya kwance kayansa."

Na juya na ce, "Malam, Iya ta ce ka kwance kayanka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "A gaya mata ba na so in zame mata takura. Tun da ta zo ba ta ci ta ƙoshi ba."

Ta ce, "A gaya masa in tafiya ce ni zan tafi. Ni ina da inda za a ɗauke ni. Shi a nan ne kawai yake da ƙafa."

Na juya na isar masa da saƙon.

Anti Sakina ta matso. A hankali ta yi magana, cikin ladabi.

Ta ce, "Iya, ki yi mini rai. Amanar gidan nan a wuyana take, an zubar da jini, ba zan iya barin ku tare ban san tsakaninku ba. Mene ne shi a wurinki?"

Iya ta ƙanƙame sandarta. Tsohuwar da ta yi rayuwarta duka ba ta furta wannan ba, yau ga maza ga mata an zuba mata ido.

Sannan ta ce:

"Na haifi 'ya. Hadizatu sunanta. Shi ne mijinta."

Ta ja numfashi.

"Shi kaɗai ne abin da ya rage mini nata."

Malam Sallau ya kifa fuskarsa a tafin hannu. Kafaɗunsa suka shiga girgiza. Daga baya ya gaya mini tun da ya auri matarsa bai taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba sai ranar.

Anti Sakina ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ni da kakata ta rene ni, yaya aka yi ban gano ba?"

Ba ita kaɗai ba. Duk rumfar nan Hausawa ne, tsofaffi ma, waɗanda suka san wannan kunyar tun kafin a haife ni. Amma ba wanda ya kawo ta a ransa. Mun saba ganin suruka da suruki a gidan biki ko gidan suna. Wa zai yi zaton su a gida irin wannan, ɗaki na kallon ɗaki?

Anti Sakina ta tambayi Malam Sallau me ya sa shi bai faɗa ba.

Ya share fuska ya ce, "Ita ba ta faɗa ba. Ni wane ne da zan riga ta?"

Nan take Anti ta aika aka sayo zana. Aka kafa ta a ƙarshen rumfa, aka raba wurin biyu. Dokar gida na nan, kowa a rumfa zai ci. Ma'aikata na ganin su duka biyun, su kuma ba sa ganin juna.

Ana cikin ɗaure zanar motar ƙanen ta tsaya a ƙofar gida.

Ya shigo yana sauri, yana cewa a fito da kaya kada dare ya yi musu a hanya.

Malam Sallau ya dube shi, ido jajur, ya ce, "Ka koma, ka gaida gida. Uwata ta ce in zauna."

Darasi:

Ba duk wanda ya kawar da kai daga mutum ne maƙiyinsa ba. Wani girmamawa ce ta yi masa yawa har ya kasa ɗaga ido.

Saura ƙiris a raba bawan Allah da wurin da ya fi dacewa da shi a duniya, kuma duk waɗanda suka yanke hukuncin alheri suke nufi. Kafin ka raba mutum biyu don ka ga suna guje wa juna, zauna da kowannensu, ka ba shi lokaci. Tsoho ba ya amsa tambaya a tsaye.

Masu gina wa iyayenmu irin waɗannan gidaje, Allah ya saka muku. Kun tuna da gwiwarsu, kun tuna da kekensu. Ku riƙa tunawa da kunyarsu ma, don da ita suka tsufa.

In akwai tsoho a gidanku da kuke cewa ya cika wuyar sha'ani, tura wa 'yan'uwanka wannan su karanta kafin a sake yi masa faɗa. Sauran kuma ku yaɗa shi, wataƙila ya isa wurin wani mai kula da tsofaffi kafin ya sa a ɗaure wa wani kaya.